Gilasan Yaya a Ƙarƙashin Gadon Inna

Allah Ya karɓi abinSa ranar Talata da hantsi, a asibitin garin da ya yi shekara talatin yana koyarwa a jami'a. Aka kawo mana shi Kaura da la'asar, muka kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ɗan fari, ni ne auta, mata uku a tsakaninmu. Allah Ya haskaka masa kabari.

Bari in faɗi gaskiya tun daga nan, kada wani ya karanta ya ɗauka ƙane na kirki ne ya rubuta. Kwanakin da muka yi a zaman makoki, rabin abin da ke cina baƙin ciki ne, ɗaya rabin kuwa kishi ne tsagwaronsa. Kuma a ɗakina akwai littattafan awo guda uku na aikinsa, da hannuna na cika su, a cikinsu akwai abin da na sani shi bai sani ba har ya koma ga Allah. Ɗalibarsa ta roƙe ni in ba ta su. Wannan shi ne abin da ya hana ni sakewa tun ranar uku.

Ban taɓa ganin ƙofar gidanmu ta cika haka ba, ko ranar da Baba ya rasu. Kawunmu na Zurmi sai da ya kwana biyu yana jiran a tara motoci a yi musu rakiya saboda halin hanya, da ya iso ya ga tabarmi har bakin masallaci sai ya riƙe baki ya ce ashe haka yaron nan yake da jama'a. Maƙwabcinmu Kirista, mutumin kudu mai gyaran janareta a wajen tasha, ya rufe shagonsa kwana uku ya zauna tare da mu. Bas guda ta zo daga jami'a cike da furofesoshi. Wayar babban ɗan marigayi kuwa ba ta huta ba. Wani dattijon Bature ya fito a fuskar waya da jajayen idanu yana ta maimaita sannu, ita kaɗai ya iya. Wata mata daga can gabashin duniya kuka kawai take yi, har matan gida suka fara tambayar juna ko wata ya ajiye a can ba mu sani ba.

Ɗaya daga cikin furofesoshin ya miƙe ya ce a ƙasashen da ba a san ma akwai wani wuri Zamfara ba, mai son fara aiki a fannin nan dole ya ambaci sunan marigayi. Ya lissafa waɗanda ya yi aiki da su, ya lissafa ɗaliban da ya yaye, wasu yanzu su ma suna yaye nasu. Mutane na ta girgiza kai suna Allahu akbar. Ni kuwa ina zaune a gefen tabarma ina ƙidaya a zuci, shekara talatin da ɗaya ina koyar da kimiyya a sakandare a garin nan, ran da na mutu mutum nawa za su taso ko daga Gusau? Na san abin kunya ne mutum ya yi wannan lissafi a makokin ɗan'uwansa, amma na yi shi.

Gwaggonmu ce ta ba ni dariya a ranar. Wata tsohuwa daga Moriki ta tambaye ta wai shi marigayin wane aiki yake yi da Turawa ke masa kuka, Gwaggo ta ce madubi yake gyarawa.

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Akwai wani haɗin sinadari da ake kira ferobiskait. Ana shafa shi siriri a kan gilashi, in rana ta doke shi sai ya ba da wutar lantarki, kamar faifan sola na kasuwa, sai dai shi ana sa ran zai fi araha nesa ba kusa ba. Matsalarsa ragwanta. Ba ya son laima, ba ya son zafi mai yawa. Yau ka gan shi baƙi wuluk yana aiki, in danshi ya shige shi sai ya koma rawaya ya mutu. Yaya ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa yana neman rufin da zai kare shi daga ruwa. Yakan ce ran da aka samu, mai shago a ƙauyen Banga zai kunna fanka ba tare da ya san hanyar gidan mai ba.

Mutum ne mai ban haushi in kana son hira ta yi daɗi. Ka ce masa bana an fi bara zafi, sai ya ce wa ya auna. Ka ce geron Birnin Tsaba ya fi na ko'ina auki, wa ya auna. Wata Sallah Kawu ya ce maganin basir ɗin da yake sha ya warkar da mutum dubu, Yaya ya buɗe baki, Kawu ya ɗaga masa sanda ya ce in ya kuskura ya tambaye shi sai ya auna masa ita a ka. Shayinsa babu sukari. In yana tunani sai ya cire hula ya goge tabarau da ita, ya mayar da ita a karkace, haka zai yini babu mai gaya masa.

Ni na tashi ne a inuwarsa. Duk ajin da na shiga ba ni da suna, ƙanen wane ne. In na ci jarrabawa a ce ai gado ne, in na faɗi a ce bai biyo yayansa ba. Lokacin da Baba ya bar aikin jirgin ƙasa ciwo ya kwantar da shi, Yaya yana ƙasar waje yana karatu. Wani dole ya zauna, ni na zauna. Na yi kwalejin malamai a kusa, na yi jinyar Baba shekara huɗu, na riƙe gida. Ba wanda ya tilasta ni, kuma Yaya bai taɓa fasa aike ba. Amma duk ran da ya sauka daga mota mutanen unguwa suka taso suna Furofesa ya zo, sai in sulale in shige ɗaki.

Abu guda nake taƙama da shi, Inna. Kowa ya san kunyar ɗan fari, to ta Inna ta wuce ta kowa. Ba ta taɓa kama sunansa ba, wancan take ce masa. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska wajen bango ta amsa a taƙaice, ya gama durƙusonsa ya tashi. Ni kuwa auta, da ni ake hira, ni ake ajiye wa ƙanzo. Nakan ce a raina, ya kwashe duniya, amma Inna tawa ce.

Wata bazara ya zo da wani allon katako mai gurbi goma sha biyu, kowane gurbi da ɗan gilashi kamar tafin hannun jariri. Ya ce sabon rufi ya haɗa, kuma sun raba irin gilasan nan tsakanin abokan aikinsa, wasu a bakin teku a kudu, wasu a ƙasar sanyi, wasu a gabas, a bar su a waje a ga wanda zai jure. Yana son a gwada zafin Kaura da ruwan Kaura. Ya kafa teburin ƙarfe a tsakar gida, bayan rumbu, kusa da inda mata ke shanya, ya ɗora allon a kai. Ya ba ni 'yar na'urar awo, ya nuna mini yadda zan maƙala wayoyinta. In auna da safe kafin in tafi makaranta, in auna in na dawo, in rubuta, in ɗauki hoton shafin in tura masa. Sharaɗi ɗaya ne, kada a taɓa su, rana ta doke su, ruwa ya doke su. Ni ya gaya wa. Inna kuwa ba su da irin wannan maganar a tsakaninsu.

Na karɓa ina gunaguni, amma wallahi na ji daɗi. Rabon da in yi aikin kimiyya na gaske, ba zanen allo ba, har na manta.

Damina ta faɗi. Wata Asabar da rana hadari ya haɗo daga gabas, gida ya rikice kamar kullum, a kwashe kuɓewa, a kwashe barkono, a ɗauke tufafi daga igiya. Ina tsaye a ƙofar ɗakina sai na ga Inna, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, ta wuce shanyarta ta nufi teburin ƙarfe. Ta ɗauki allon nan da hannu biyu, ta rufe shi da gefen mayafinta, ta shige ɗaki. Na bi ta. Ta durƙusa ta tura shi ƙarƙashin gado, inda take ajiye kwallayenta na aure.

Na ce, "Inna, an ce a bar su ruwa ya doke su. Shi ne aikin."

Ta ce, "Wa ya ce?"

Na ce mai kayan.

Ta ce, "Wancan bai san ruwan Kaura ba, ya daɗe da barin gida. Tun daga wata uwa duniya ya ɗauko su ya kawo gidanga, in zamna ina kallo ruwa na bugunsu? Ba ni iyawa."

Ashe tun ruwan farko haka take yi. Da ta ga hadari ta ɗauke, da an ɗauke ruwa ta mayar daidai inda yake. Da magariba ta shigar da su tare da sauran shanya, da asuba ta fitar kafin in fito. Har goge su take yi.

Da farko dariya na yi, na ciro waya zan kira shi mu yi dariyar tare. Sai na tuna shekarar da na bar takardun jarrabawar ɗalibaina a kan tabarma a tsakar gidan nan, ruwa ya jiƙe su sharkaf Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta, da na yi magana ta ce ai takarda ce, ta bushe. Na dubi yadda ta lulluɓe allon nan. Shekara sittin ba ta kama sunansa ba, ashe ga inda take ajiye shi. Na mayar da wayar aljihu.

Daga ranar na sayi jan biro. Duk ran da Inna ta shigar da gilasan sai in ɗiga jan ɗigo a gefen shafi, in na zo ɗaukar hoto in karkata wayar yadda gefen ba zai fito ba. Lambobin da nake rubutawa gaskiya ne, abin da na'ura ta nuna shi nake sawa. Amma na san gilasan Kaura ba su san ruwa ba. Kada a tambaye ni abin da nake nufi da ɗigon. Ina jin daɗin cewa akwai abu ɗaya a aikin Furofesa da ni na sani shi bai sani ba, kuma ina tanadinsa don wata rana.

Sakamako ya fito kamar yadda kowa zai zata. Na bakin teku suka yi rawaya, na gabas suka yi rawaya, na Kaura suka ƙetare damina baƙi ƙirin. Rufin da ya sa wa na Kaura ya ɗan bambanta da sauran, don haka aka ce an gano bakin zaren. Ya kawo sabbi aka sake, suka sake ƙetarewa. Suka rubuta takarda, aka buga, ta zagaya. Aka gayyace shi ƙasashe, aka ba su tallafin ci gaba da bincike, sabbin abokan aiki suka nemo shi da kansu.

A kan takardar nan muka yi faɗanmu mafi muni. Ya kawo mini kwafi da murnarsa. Sunaye goma sha ɗaya a sama, mutanen da ko zafin Kaura na minti biyar ba su taɓa sha ba. Nawa yana can ƙarshe da ƙananan haruffa, a wajen godiya. Na jefa masa ita a cinya na ce shekara biyu ina tsayuwa a rana, abin da na samu ke nan. Ya ce in zo mu zauna in rubuta sashen awo na takarda ta gaba da kaina, ya duba ya gyara, sunana ya hau sama, ka'idar ke nan. Na ce ni ba ɗalibinsa ba ne. Ya cire hula ya goge tabarau, sannan ya ce, "Ka fi ni kai, malamanmu duka sun faɗa. Abin da ba ka da shi haƙurin a gyara maka."

Maganar tana bakina a ranar, saura kaɗan in ce je ka leƙa ƙarƙashin gadon Inna. Na haɗiye. Ba don tausayi ba, gani na yi mu biyu ne kawai a zaure, babu mai ji.

Shi kuwa bai riƙe ni ba. Bayan wata uku matata ta kwanta ciwo mai tsanani, ya tuƙo mota da kansa ya zo ya ɗauke mu zuwa asibitin garinsu. Kwana tara yana zaune a benci tare da ni, shi ke bin likitoci, shi ke kawo abinci daga gidansa. Sai daga baya na ji a bakin ɗalibarsa cewa a kwanakin nan ne aka shirya karrama shi a wani taro a ƙasar waje, ya aika a ba su haƙuri. Ko wannan ma sai da na ji haushinsa, don ya bar ni ba ni da bakin magana.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Bara waccan ne, ya zo ya rame, muna tsaye a bayan rumbu. Ya dafa teburin ya ce, teburin nan yana nan inda na kafa shi, ba a taɓa gusar da shi ba? Na ce ko sau ɗaya. Kuma gaskiya na faɗa, teburi bai taɓa motsi ba. Ya ce to madalla, ya shiga gaida Inna, ta juya fuska wajen bango.

Ran da aka kawo gawarsa Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da aka ji ta ce kawai, ashe wancan ya riga ni.

Ɗalibar da nake faɗa 'yar Shinkafi ce, yanzu ita ma dakta ce, ita ce hannun damansa a ɗakin bincike. Tun tana ƙarama a karatu take zuwa gidanmu, Baba take ce mini. Ranar uku ta durƙusa ta ce abokan aikinsa na ƙasashe sun yanke shawarar kammala aikinsa na ƙarshe da sunansa, suna son a tattara duk asalin littattafan awo. Na ce sai na duba inda suke. Ina sane da inda suke.

Kwana huɗu ina juya abin. In na faɗa, takardar da aka fi yabonsa a kanta za ta zube, kuma garin nan kaf an san halina da shi, za a ce hassada ce ta sa ya jira sai da ƙasa ta rufe ido. In na yi shiru, mutane za su ci gaba da gini a kan abin da ba haka yake ba, da sunan mutumin da ya fi kowa ƙin wannan. Har kasuwa na je na sayo sabbin littattafai uku don in kwafe lambobin ba tare da ɗigon ba. Na kwafi shafi biyu na tsaya. Ina ganin fuskarsa, hular a karkace.

Ranar addu'ar bakwai bayan azahar na kira ta zaure na miƙa mata na asalin. Ta buɗe na farko, ta juya shafi huɗu, ta sa yatsa a gefe ta ce, Baba, wannan jan fa? Na gaya mata duka, hadari, mayafi, ƙarƙashin gado, karkata waya. Ban rage komai ba.

Ta juya littafin har ƙarshe. Damina duka ja ce.

Sannan ta ce, "Shekara biyu muna haɗa rufin nan muna sakewa. Duk wanda muka ajiye a waje sai ya yi rawaya. Abokan aikinmu sun ce a tuhumi awon Kaura, har sun so a turo mutum ya zo ya duba. Ya hana. A gaban kowa ya ce ƙanena ba ya ɓoye abin da ya gani, in akwai kuskure a hannuna yake, wani abu na zuba a haɗin farko na manta ban rubuta ba. Likita ya ce ya huta, ya ƙi. Ko watan da ya kwanta, daga gadon asibiti yake aiko mana mu canja kaza mu sake gwadawa."



Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun daminar farko.

Ta rufe littafin, ta haɗa su uku ta sa a jaka. Ta ce za su rubuta gyara su aika, kuma kada wanda ya gaya wa Inna. Sannan ta ce, "To, Malam, sai an jima." Ta shiga cikin gida ta yi wa Inna sallama, na ji suna magana ƙasa-ƙasa, tsohuwa tana sa mata albarka. Har ta shiga mota ba ta sake ce mini Baba ba.

Gyaran zai fito, ban san yaushe ba. Wasu za su karanta su ce ashe Furofesa ma ya yi sakaci. Don su na rubuta wannan. Bai yi sakaci ba, yarda ya yi da ƙanensa. Inna ma ba ta da laifi, ɗanta ta kare daga ruwa ta hanyar da ta iya. Wanda ya san shi ya yi masa addu'a, wanda bai san shi ba ya sani an yi mutum a gidan nan. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa aikinsa ya amfani na baya. Shekara biyun nan na ƙarshe da ya yi yana neman laifin hannunsa, ni na cinye masa su, kuma babu inda zan same shi in ce ya yafe mini.